Jitar Kawu da Zaren Ɗinki

Ni tela ne, kuma duk wanda ya san ni a Daura a kan keken ɗinki ya san ni. Amma an yi wani lokaci da na yi suna a unguwarmu da wani abu dabam, kuma har yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko tsaki.

Mahaifiyata tana da 'yan'uwa maza biyu. Babban shi ne limamin masallacin unguwa, kowa Liman yake ce masa, har mu 'ya'yan gida. Ƙaramin shi nake ce wa Kawu kawai. Ya yi ƙuruciyarsa da girmansa a kudu, cikin 'yan badujalar soja, ya dawo gida da jaka ɗaya, da jita ɗaya, da ɓarin jikin hagu wanda ya shanye. Ba mata, ba ɗa. Liman ya share masa ɗakin da ke jikin zaure ya ajiye shi.

Rashin sa'arsa, ya dawo ne a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da kowa ke kallon gidan maƙwabcinsa ya ga ko ya gyara. Ni kaina a watannin nan babu aikin da na fi samu kamar rage tsawon wando. Wata rana bayan La'asar wani mai baƙin baki ya ce, a gaban jama'a, ai gyara daga gidan Liman ya kamata ya fara, tunda can aka ajiye jita. Liman mutum ne mai saurin hawa. Nan take ya rantse da Allah babu tsirkiyar da za ta yi ƙara a gidansa. Ya shigo da fushinsa ya kwance tsirkiyoyin nan shida da hannunsa, ya miƙa wa matarsa, Inna, ya ce ta zubar.

Inna kuwa ba ta zubar da komai. Mai kaurin ta ɗaure ta tana shanya kuɓewa, ɗaya ta gyara ƙofar akurki, ɗaya ta zama mariƙin guga, siririyar tana yanka sabulu da ita. Ɗaya maƙwabci ya ara ya ɗana wa gafiya tarko, ɗaya ta ɓace.

Ni ke kai wa Kawu abinci daga wurin mahaifiyata, ni ke yi masa aski, shi ya sa muka saba. Kullum in na shiga sai in tarar da jitar nan rungume a cinyarsa, fayau ba ko waya ɗaya, yana shafa ta da hannunsa mai lafiya. Rannan na ce masa cikin wasa, ya bar ni in kai wa Inna ta riƙa tankaɗe a bayanta. Bai yi dariya ba. Ya ce da ni duk abin da ya taɓa kaɗawa yana nan cikin kansa, yana jin sa raɗau, amma sauti kamar wuta yake, in ba a hura shi sai ya mutu.

Ya ce, "Ba mutuwa nake tsoro ba. Tsorona ya mutu a kaina ina da rai."

Daga nan ya dubi hannuna ya ce yatsuna dogaye ne, asara ce a bar su ga almakashi kaɗai. Gobe in zo da zare mai ƙwari.

Haka na ɗaura wa jita zaren ɗinki shida, kowane da launinsa, don kar in rikice. Ka kaɗa shi iya ƙarfinka, ko ƙuda ba zai tashi ba. Na tambayi Kawu yadda zan san na yi daidai tunda ba na jin komai. Ya ce ba ruwana da ji, ni dai in danna, shi zai ji. Na ɗauka zolaya ce. Ashe da gaske yake. In na aza yatsa a gidan da ba nasa ba, sai ya toshe kunne da hannun dama ya yamutsa fuska, ya ce na fasa masa kai, alhali a ɗakin nan abin da ake ji kawai kukan akuyar Inna. Wata rana har cewa ya yi in rage ƙara, kar in ja mana.

Bai tsaya koya min waƙoƙi ba, ya ce wannan aikin 'yan biki ne. Da tsani ya fara ni, matakala bakwai, do re mi fa so la ti, irin wanda aka taɓa rera mana a firamare. Sai da na iya hawa da sauka a wuyan jita ido rufe, sannan ya ce yanzu za mu fara abin manya, abin da su a bariki suke kira kod, wato sautuka da yawa a kaɗa su tare. Ya ce in ɗauka matakalan nan gidaje ne a layi ɗaya, ranar Sallah. Ka shiga gida ɗaya ka gaisa, ka tsallake na kusa da shi, ka shiga na gaba. Do, mi, so. Yawancin makaɗa nan suke tsayawa su koma, gida uku ya ishe su. Mai zumunci shi ne wanda ya ƙara tsallakawa ya shiga na bakwai, ti. Wannan na bakwan shi ke sa wa miya daddawa. In ka fara daga re, haka za ka yi, daga mi ma haka, har ka samu kod bakwai daga tsani ɗaya.

Kuma kowanne da halinsa, Kawu ya san su kamar yadda ya san dangi. Na farko da na huɗu masu wadatar zuci ne, sun ci sun ƙoshi suna shan iska. Na biyu da na uku da na shida masu sanyin rai ne, irin mutanen da za su ce maka lafiya lau da idonsu ja. Na bakwai ba ya zama ba ya tsayuwa, in ka gan shi a hanya ka kauce. Na biyar kuwa shi ne baƙon da ya miƙe ya sa takalmi ya ce zai tafi gida, duk wanda ya ji shi hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ga ya isa. Gidan nasa shi ne na farko. Kawu ya ce makaɗin da ya kaɗa na biyar ya ajiye jita bai kai shi gida ba, mugu ne.

Wahalar tana wurin riƙo. In ka ce za ka jera sautukan nan huɗu bi da bi yadda suke a tsani, sai ka tsage hannu. Don haka ake sauya musu wurin zama, a ɗauko na tsakiya a kai shi sama, ko a sauko da wani ƙasa, mutanen dai su ne, zaman ne ya canza. In wuri ya ƙure a sallami so, shi ɗan rakiya ne. Amma mi da ti, wato matakala ta uku da ta bakwai, ko gobara ake yi ba a barin su. Riƙo ɗaya sai in kwana biyu ina fama, ƙaramin yatsana yana miƙewa sama kamar mai shan shayi a gidan biki. Kawu ya ce in na bar hannuna ya huta zai manta, duk inda nake in mayar da damtsena na dama wuyan jita, in riƙa dannawa da yatsun hagu.

Na kuwa bi umarni fiye da yadda aka ce. A shago ina yi, a motar Katsina ina yi, a wurin zaman makoki ina yi. Har ya zama hannun yana yi ba da sanina ba. Nan ne aka samu matsala, don bayan an sallame salla, kowa na lazimi, ni ma bakina yana nasa, ashe hannun hagu ya hau damtse yana bin na biyu, na biyar, na farko.

Ladaninmu, wani tsoho mai ido kamar na shaho, shi ya fara lura. Kafin Juma'a magana ta zaga cewa ɗan ƙanwar Liman ya samo wani wuridi da ba a taɓa gani ba. Wasu suka ce daga Nijar aka ba ni, tunda ina zuwa Mai'adua, can bakin iyaka, sayen yadi. Abin da ya raba kan jama'a shi ne hannun. Tasbihi da hannun dama ake yi, wannan ko yaro ya sani. To mai yi da hagu, ko jahili ne, ko kuwa ya taka wani matsayi da mu ba mu sani ba. Masu kawo min ɗinki suka fara cire takalmi a ƙofar shago. Wata tsohuwa ta kawo min jikanta in tofa masa. Na ce mata ni tela ne, ta ce ai haka irinku suke cewa.

Liman ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, na durƙusa a tsorace, don a tunanina in gaskiya ta fito, Kawu zai rasa ɗakinsa. Ya tambaye ni wa ya ba ni abin da nake ja. Na ce, Allah gafarta Malam, ni ba na jan komai, Kawu ne dai ya koya min. Ya miƙe, ya ce in biyo shi.

Kawu bai ɓoye ko jitar ba. Liman ya tambaye shi, shi kuma ya amsa kai tsaye.

"Kiɗa ne, Yaya."

Na sunkuyar da kai na ce shi ke nan. Liman ya ɗauki jitar, ya dubi zare ja da kore da ruwan ɗorawa, ya sa yatsa ya fizgi ɗaya. Shiru. Ya kai kunne ya sake fizga. Sai ya ajiye ta a hankali, ya ce wannan ba kiɗa ba ne, abin da ba shi da ƙara ba a kiransa kiɗa, motsa gaɓoɓi ne kawai.

Wallahi da zagin Kawu ya yi da ya fi masa sauƙi. Ya yunƙura zai tashi da ƙafa ɗaya, ya ce shi da ya yi wa manyan hafsoshi kiɗa, yau za a ce masa mai motsa gaɓoɓi? Kiɗa ne, kuma mai kyau, yaron nan ya kusa ƙwarewa. Liman ya ce ba kiɗa ba ne. Kawu ya ce a kira shaidu. Liman ya ce shaidun me za su ji? Ni ina tsakiya ina raba ido, wanda za a kora yana rantsuwa ya yi laifi, mai korar yana rantsuwa bai yi ba. A lokacin haushin su biyun nake ji. Sai da na girma na gane Liman ƙofa yake nema wa ƙanensa, shi kuma ƙanen yana rufewa da ƙafa.

Hukuncin Liman ya fita waje, kuma jama'a suka ɗauke shi yadda ya yi musu. Tunda motsa gaɓoɓi ne, kuma mai shanyewar jiki ne yake koyarwa, to lalle rigakafin shanyewar jiki ne. Wa ya fi shi sanin ciwon? Ladan ya fara zuwa, ya ce a nuna masa. Bayan mako ya ba da shaida cewa sanyin da ke yatsunsa ya ragu. Shi ke nan aka ɓalle. Da hantsi sai ka ga zauren Liman cike da dattawa, da dillalan shanu, da wani mai sayar da goro da ke hawo babur tun daga Sandamu, kowa ya naɗe hannun riga yana danna damtse. An fito da Kawu an jingina shi da bango yana ba da umarni. Kullum sai ya gaya musu kiɗa yake koya musu, su kuma su ce Allah ya ƙara lafiya.

Kuma bai sassauta musu ba. Ya ce da wani dillali mai furfura, Alhaji, na bakwanka ya zame, abin da kake yi ko a gidan giya ba za a saurara ba. Alhajin ya ba da haƙuri ya gyara. In ya ƙirga musu suka danna na biyar gaba ɗaya, sai ya ɗaga hannu ya riƙe su a nan, ya lumshe ido, sannan ya sake su su koma na farko, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce min tun da ya bar bariki bai samu taron makaɗa kamar wannan ba, illa dai ladan yana gaggawa.

Liman bai taɓa zama cikinsu ba. Wucewa yake yi da butarsa yana kallon rufi. Amma Inna ta tsegunta wa mahaifiyata cewa in yana jiran tuwo, hannunsa na hagu ba ya zama lafiya.

Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kwantar da Kawu, aka sallami dattawa. Ya tashi, amma ya tashi a rage. Ranar da na koma da darasi, na ɗauki jita na bi kod bakwai ɗin nan tsaf, ina jiran faɗa ko yabo. Ko ɗaya ban samu ba. Don in gwada shi, na danna wani riƙo na banza wanda da can zai sa ya jefe ni da matashi. Ko gezau. Yana kallon yatsuna kamar yadda kowa ke kallonsu.

Ya ce, "Sake yi." Na sake. Ya ce, "Ba na ji. Ya ɗauke."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar nan ba, kuma ni tausayi a wurina faɗa yake zama. Na fita na tarar da Liman a gindin darbejiya. Ban ko gaishe shi yadda ya kamata ba. Na ce ƙanenka yana can abin da ya rage masa a duniya ya tafi, saboda maganar wani ɗan iska a ƙofar masallaci. Na faɗi abin da ɗa ba ya faɗa wa kawunsa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce rantsuwa da sunan Allah ba rigar da za a kawo min in rage mata tsawo ba ce. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Na tafi ina huci, na ɓata wa wani bawan Allah wuyan riga a ranar.

Washegari da hantsi na zo da abincin Kawu, sai na tarar Inna ta ɗora babbar tukunya, irin ta suna, ana ta fitar da kwanuka. Na tambaye ta bikin me ake yi. Ta ce ita ma ba a gaya mata ba, Malam ne ya auno shinkafa ya ce a ciyar da mabuƙata goma, kada a rage ko ɗaya. Kuma, ta ce, don neman fitina ya bi ya kwance mata igiyar shanya, ya ɓalle mariƙin guga, kaji kuma ga su nan sun watse a tsakar gida.

Na yi tsaye da kwano a hannu. Duk wanda ya yi karatun allo ya san abin da ciyar da mutum goma yake nufi. Kaffarar rantsuwa ce.

A bakin ƙofar Kawu na tarar da su cikin faifai, tsirkiya biyar, a nannaɗe. Ɗaya na warin kaji, ɗaya da sauran sabulu, ɗaya da gashin gafiya. Ta shidan na je wurin mai gyaran babur na tsinko daga wayar burki. Na tsinke zarena na ɗaura su. Ɗaure su daidai kuwa ya zama wani aikin, don ni ban taɓa jin yadda ya kamata su yi ba, Kawu ne ke cewa ƙara, rage, yana karkata kai kamar mai neman tasha a rediyo.

Sai na danna na farko na kaɗa.

Jama'a, ban taɓa jin abu mai muni irin wannan ba. Ni da nake tsammanin ƙamshin daddawa, sai na ji kamar an yar da kwanuka a rijiya. Wayoyin sun yi tsatsa, yatsuna da suka saba da zare suka ji kamar a kan wuƙa nake dannawa, rabin sautin a toshe. Akuyar Inna ta amsa. Na dubi Kawu cike da kunya. Hawaye ne ke bin kuncinsa mai lafiya, yana dariya da rabin baki. Ya ce da zare na fi iyawa nesa ba kusa ba, amma in ci gaba, yana jin su a ƙarƙashin tsatsar.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowanne da halinsa kamar mai gaisawa da 'yan'uwa a tasha. Sannan ya ce in yi masa na biyu, na biyar, in kai shi gida. Na kaɗa na biyu. Na kaɗa na biyar, kuma a karon farko a rayuwata na ji abin da yake faɗa, baƙon nan tsaye da takalminsa, har cikina na ji yana son tafiya. Na ɗaga hannu zan sauke shi, sai ta sabulun nan ta tsinke, fau, ta tsarge min yatsa, ta ja ta burkin ta zame daga maɗaurinta. Na biyar ya tsaya a iska. Na shiga lalube ina tsinuwa, jini na ɗiga a kan jita.

Kawu ya ce in bari. Ba ni yake kallo ba, ƙofa yake kallo.

Liman ne tsaye a bakin ƙofa, bai shigo ba, fuskar nan a ɗaure, yana kallon rufi kamar ya zo duba yoyo. Hannun rigarsa na dama a naɗe. Yatsunsa na hagu suna kan damtse, sun sauka a kan na farko, da na ukunsa da na bakwansa, ba wanda ya ɓace.

Kawu ya lumshe ido ya yi ajiyar zuciyar nan tasa.

"Ya isa gida," ya ce. "Sai dai ka danne ƙaramin yatsan, Yaya, yana ɗan zuzu kamar ƙuda."

Liman bai sauke ido daga rufi ba. Ya danne.